Mai Tutar Kawu Merv

Ranar Asabar ce a tsakiyar Nuwamba, bazarar garinmu Darwin, a arewacin Ostireliya, ta kai inda mutum zai fito daga wanka ya rasa ko ya goge jikinsa ko bai goge ba. Tun da hantsi hadari ya taso daga wajen teku, baƙi ƙirin, ya tsaya a kan gari yana gurnani, ya ƙi zubowa, ya ƙi tafiya. Ina zaune a bayan motar da nake raba tukwanen gas da ita, ina shan mangwaro, ina tunanin ko lokacin barin wannan aikin ma ya yi, sai wayata ta yi ƙara. Kawu Merv ne. Tun da na san shi bai taɓa kirana ba.

"Darcy, kana ina?"

"Ina bakin aiki, Kawu."

"Bar shi. Zo ka ga abin da na yi."

Ni ba a roƙona in bar aiki. Makaranta ma haka na bar ta, ana tsakiyar darasi na tashi na fita, ban sake komawa ba. Na rufe bayan mota na kama hanyar gidansa, sauran tukwanen mutane suna ta karo da juna.

Merv ba kawuna ba ne na jini. A kulob ɗinmu na yaƙin tebur duk mai furfura kawu ne ko anti. Kowace Lahadi muke haɗuwa a wani tsohon zaure mai rufin kwano, mu shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur, mu dasa tuddai da itatuwan soso, kowa ya jera 'yan sojojinsa na dalma ko na roba, waɗanda tsayinsu bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, a gwabza da tef ɗin awo da 'ya'yan ludo. Dokokin wasan suna cikin littattafai masu kauri, amma namu na kulob guda biyu ne, kuma su ne ba a taɓawa. Ta farko, sojan da ba a gama ba ba ya hawa tebur. Gamawa kuwa ita ce a yi masa fenti, a manna yashi a gindinsa, sannan a rufe shi da man kariya, wani mai marar launi da ke hana gumin hannu cinye fentin. Ta biyu, idan mai tutar rundunarka ya faɗi a fagen fama, ya zama na wanda ya kayar da shi, ya tafi da shi gida. Mai tuta ba a sayensa, ba a kyautarsa.

Ni ne mai duba doka ta farko. Ba don na iya fenti aka ba ni ba. Runduna uku na fara, duk suna cikin kwali, rabinsu babu kai. Ido ne da ni, da baki. Duk sabon kwalin sojoji da ya shigo gari ni nake fara buɗe shi, in haɗa ɗaya, in rubuta wa 'yan kulob ra'ayina: wannan hannunsa ya fi ƙafarsa tsawo, wancan takobinsa zai karye kafin a kai shi mota. Saboda haka suka rataya min gilashin ƙara girma a wuya suka ce ni ne alƙali.

Da wannan gilashin na fara sanin wane ne Merv. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana farin layi a tsakiyar titi, daga nan har inda kwalta ta ƙare, shi ne da ya yi ritaya ya koma zana ido a fuskar da ba ta kai ƙwayar wake ba. Fari tukuna, sai baƙi, sai wani ɗan ɗigon haske a gefe, wanda idan babu shi sojan gunki ne, idan akwai shi kuwa sai ka ji kamar zai tambaye ka abin da kake kallo. Yakan yi ɗinkin takalmi. Yakan yi ƙurar da ta hau gefen riga, ya sa ta fi yawa a jikin na layin baya, don su ne ke shan ƙurar na gaba. Sai ya yi mako a kan mutum ɗaya, kuma tun kafin in shiga kulob yake kan runduna ɗaya tak: masu mashi da garkuwa na zamanin da, da giwa guda. Ba ta taɓa hawa tebur ba. Da aron sojojin wasu yake wasa.

Anti Glenys kuwa tsohuwar direbar motar 'yan makaranta ce. Fentinta kala uku ne, da burushi ɗaya, a yamma ɗaya. Mai tutarta idanunsa sun fito gefe-gefe, har muka sa masa suna Kwaɗo. Amma idan ta tsaya a bakin tebur ta runtse ido ɗaya, sai ka fara yi wa mai tutarka ban kwana. Babu wanda ya taɓa kayar da Kwaɗo. Namu kuwa suna cikin wata robar askirim da take zuwa da ita, tana girgiza mana ita a kunne. Duk lokacin da ta lallasa Merv sai ya ce, "Bari in gama tawa." Ita kuma ta ce, "Ina jira, tsoho. Kada dai a binne ka da ita."

To, jiran ya ƙare. Gwiwoyinta sun ƙi matakalar gidanta, 'yarta da ke birnin Adelaide, can kudu mai nisa, ta matsa, aka sayar da gidan. Jirginta ranar Litinin ne. Lahadin da ta wuce ta nuna Merv da sandarta a gaban kowa ta ce, "Mako mai zuwa. Ka kawo su, ko ka daina ambatonsu."

Gidan Merv irin na da ne, a tsaye kan ginshiƙai, ƙarƙashinsa nan ne wurin aikinsa. Na same shi babu riga, hannayensa a baya, yana kallon dogon katakon da ya jera rundunar a kai. Na matsa.

Fari fat. Duk cikarsu. Kamar an zazzage musu buhun fulawa a ka. Jajayen riguna sun koma ruwan toka, garkuwoyin tagulla sun dusashe, giwar, har jan mayafinta, ta zama kamar da sabulu aka sassaƙa ta. Na ɗora gilashi a kan wani na layin gaba. Idon yana nan a ƙasa, ina hango shi, kamar mutum a bayan taga mai raɓa.

"Kawu, feshin man kariya ka yi?"

"Feshi na yi."

"Yau? A wannan laimar?"

Na sauke gilashin, na juyo gare shi.

"Kai ne fa kake cewa gwangwanin feshi barci yake yi daga Oktoba har ruwa ya ɗauke. Kai ka ƙwace min nawa bara, ka ce man yana kama ruwan da ke cikin iska ya bushe da shi."

"Ni ne."

"To yaya aka yi?"

"Da burushi kwana uku zai ci, ni kuwa ɗaya gare ni. Da sassafe iska ta ɗan kaɗa, na fito na lashi yatsa na ɗaga, na ce yau ta bushe." Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Tun ina girgiza gwangwanin na san ƙarya nake yi wa kaina."

Ban taɓa ganin wanda ya yi asara irin wannan ya tsaya haka ba. Da ni ne, da tuni katakon yana cikin kwata. Shi kuwa tambayata ya yi, da murya irin ta mai tambayar ƙarfe nawa.

"Alƙali, a doka an gama su ko ba a gama ba?"

"Fenti akwai, yashi akwai, mai akwai. An gama su. Amma Kawu..."

"Shi ke nan. Saura ɗaya."

Ya nuna wani kofin gilashi da aka kife a kan teburinsa. A ƙarƙashinsa mai tuta ne, a manne kan murfin kwalba, kalolinsa garau. Shi kaɗai feshin bai taɓa ba, don ba a ƙarasa zanen tutar ba.

Na kira Stelios, ɗan kulob ɗinmu. Mai ɗora tayil ne, yatsunsa kamar ayaba, amma babu masifar fenti da bai taɓa jawo wa kansa ba, don haka ya san maganin kowacce. Ya iso da gwangwanin man zaitun na mahaifiyarsa da ƙunshin tsinken goge kunne. Ya kalli katakon, ya cire hula, ya mayar.

"Tabɗi. Merv, kai da kanka?"

"Ni da kaina. Gyara ka zo ko ta'aziyya?"

Stelios ya ce tun farin bai kama jiki ba, idan aka shafa mai kaɗan aka murza a hankali, yakan saki. Amma ɗaya bayan ɗaya, kuma yau, gobe an makara. "Idan mu uku muka zauna har yamma za mu ceto da yawa. Kai ka ɗauki fuskoki, hannunka ne ya san su. Ni da Darcy mu yi garkuwa da riguna."

"Mai tuta fa?" in ji Merv.

"Manta da shi, mutumina! Ɗauki kowane mai mashi ka liƙa masa takarda, ya zama mai tuta. Ai ka san inda zai kwana gobe, cikin robar askirim, suna karo da namu. Ba Glenys tarkace ta tafi da shi, wannan ka ajiye abinka."

Gaskiya ya faɗa, ni ma abin da ke raina ke nan. Merv ya daɗe yana kallon katakon. Mutum ne da ko numfashi ka yi kusa da sojansa sai ya janye shi. Ni kaina da gilashi kawai nake duba su, ɗaya hannun a aljihu. Sai ga shi ya ɗauki ƙunshin tsinken ya raba biyu, ya miƙa wa Stelios rabi, ya miƙo min rabi.

"Ku yi su, har fuskokin. Ni ina da aiki."

Ya juya mana baya, ya ɗaga kofin.

Muka kife bokitai muka zauna. Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake so, abin da ni ban gada ba. Ka tsoma tsinke, ka matse, ka murza a kafaɗar soja kamar kana share wa jariri ido, sai ka ga ja yana tasowa daga ƙarƙashin farin. Na farko da ya dawo a hannuna, wani mai tabo a kumatu, sai da na yi ihu. Amma ba duka ke dawowa ba. Wani farin ya riga ya shige. Wani kuma ka ƙara murzawa kaɗan sai fentin ya biyo audugar gaba ɗaya, ka ga dalma tsirara tana ƙyalli inda fuska take.

Stelios ne ya fara yi. Ya lailayo wata ashar da yaren kakanninsa, ya ɗaga sojan sama.

"Merv. Na kashe maka ɗaya."

Merv bai waiwayo ba. "Wanne?"

"Mai jan gemu, layi na biyu."

Burushin ya ɗan tsaya. "Wanda igiyar takalminsa ta kwance?"

"Shi."

"Ci gaba."

Haka muka yi ta yi. Gumi na ɗiga daga haɓata zuwa gwiwa, tsaka na kuka a jikin ginshiƙi, hadari na ta cika baki a sama. Duk wanda ya mutu a hannunmu sai mu faɗa, shi kuma ya san shi, ya ambaci wani abu a jikinsa da mu ba mu lura da shi ba, ya ce a ci gaba. Wayata ta yi ta ruri, mai gidan gas ne, na kife ta. Tun da aka haife ni ban taɓa zama wuri ɗaya haka ba, kuma ba wanda ya tsare ni. Idan wuyana ya gaji sai in kalli bayan Merv. Yakan haɗa gindin tafukansa biyu don kada hannu ya yi rawa, ya riƙe numfashi, ya taɓa sau ɗaya, sannan ya saki numfashin. Gashin burushin kana iya ƙirga shi da ido.

Da yamma ta fara yi na tashi miƙe ƙafa, na leƙa ta kafaɗarsa da gilashi. Na zaci zaki zan gani a tutar, ko mikiya, irin abin da kowa ke sawa. Bishiyar mangwaro ce. Karkatacciya, reshe ɗaya ya miƙe ya rankwafo, jemagu sun rataye a jikinsa kamar an shanya baƙaƙen safa, a gindinta kuma wata 'yar shuɗiyar kujera. Duk wannan a tutar da ba ta kai kan sarkin wasiƙa ba.

Na san kujerar. Na sha zama a kanta ina jiran Anti Glenys ta sauko in kai ta kulob.

"Kawu, wannan ai bishiyar ƙofar gidan..."

"Ka gama layi na uku?"

"A'a."

"To."

Na koma na zauna. Sai a lokacin na gane abin da ke gabanmu. Ba shirin kayar da Kwaɗo Merv yake yi ba. Ya san ba a kyautar mai tuta, ya kuma san Glenys ba ta taɓa barin na kowa a tsaye ba. Hanya ɗaya ce bishiyar nan za ta bi ta zuwa Adelaide: Glenys ta ci mai tutar a fagen fama.

Kafin rana ta faɗi ya gama. Saura man kariya, ga laima sai ƙaruwa take yi. Stelios ya tayar da motarsa, ya ƙure na'urar sanyi, ya rufe gilasai har iskar ciki ta bushe. Merv ya sa riga ya shiga gaba ya zauna da 'yar kwalba da burushi. Muna tsaye a waje muna kallonsa, tsoho shi kaɗai a motar tayil, ya sunkuya yana shafa wa tuta mai kamar mai wanke wa wani rauni.

Lahadi da rana zauren ya cika, har waɗanda suka daina zuwa sun zo. Merv ya jera rundunarsa a karon farko. Fiye da rabi sun dawo, suna sheƙi suna ƙamshin man zaitun. Ya ce da safe sai da ya kori tururuwa a kansu. Sauran farare ne, wasu kuma babu fuska. Bai ɓoye su a baya ba, kowa ya tsaya a layin da aka yi shi dominsa.

Anti Glenys ta shigo tana dogara sanda, robar askirim a hammata, kwanon miyar taliya da ake kira laksa a hannu. Ta tsaya, ta runtse ido ɗaya.

"Tsoho, sojoji ka kawo min ko ma'aikatan gidan burodi?"

Aka fashe da dariya. Ita kuwa ta ƙara matsowa, sai dariyar ta bar fuskarta.

"Feshi ka yi. Kai. A Nuwamba."

"Wata ce ta ba ni mako guda."

Sai ta juyo kaina. "Kai ɗan nan, yi aikinka mana. Sun halatta, ko in koma in ƙarasa haɗa kaya?"

Na bi su da gilashi ɗaya bayan ɗaya, na ce an gama su. Glenys ba ta kula mai tuta ba. Daga inda take tsaye tutar koren ɗigo ce kawai.

Aka fara. Zagaye na farko lafiya lau. A na biyu Merv ya ɗauki tef, ya auna, ya tura mai tuta gaba da 'yan rakiya kaɗan, suka fita daga bayan tudu zuwa fili, daidai bakin maharbanta. Stelios ya dafe kai. Ni na kalli ƙasa.

Glenys ta riga ta ɗebo 'ya'yan ludo. Ta tsaya da su a hannu. Ta kalli mai tuta, ta kalli Merv, ta zuba su a aljihun rigarta.

"Mayar da shi."

"Na riga na ɗauke hannu daga kansa. Doka ta ce..."

"Ni za ka karanta wa doka? Shekara nawa muna wasa, ban taɓa ganin ka yi wauta irin wannan ba, kuma kai ba ƙaramin wawa ba ne. Sadaka za ka ba ni? Don gwiwata ta mutu sai aka ce maka kaina ma ya mutu?" Ta buga sanda a ƙasa. "Jira na yi, Mervyn. Rundunar nan na jira, ba kyauta ba. Ko ka yaƙe ni, ko in kwashe 'yan kwaɗina in tafi yanzun nan."

Kowa ya juyo yana kallona, wai alƙali. Na ce ni fenti aka ba ni in duba.

Kunnuwan Merv sun yi ja. Ya kalli tutar, ya kalli fararen sojojin da ya bari a hannunmu saboda ita. Sannan ya miƙa hannu, ya ɗauki mai tuta ta gindi, ya mayar da shi bayan tudu.

"To, tsohuwa. Ke kika nema."

Abin da ya biyo baya har yanzu ana maganarsa a kulob. Ashe duk shekarun da ya yi yana wasa da aro yana shan kashi, kallonta yake yi. Ya san tana son ta ja mutum dama ta sare shi ta hagu. Sai ya bi ta daman. Ya tura fararen nan da marasa fuska suka tsaya a bakin rafi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ita tana kwashe su tana cewa, "Wannan burodin ya ƙare, a kawo wani!" Shi dai aunawa yake yi. A nan ne hadarin da ya kwana yana alkawari ya sauke kayansa. Ruwa ya dinga dukan kwano har sai an yi ihu ake jin juna. Sai ga giwa ta ɓullo ta bayan itatuwan soso, inda tun farkon wasa kowa ya manta da ita, babu komai tsakaninta da Kwaɗo sai koren ƙyalle.

Glenys ta auna. Ta sake aunawa. Ta yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Shida kake nema, tsoho! Tun da aka haife ka ba ka taɓa jefa shida ba!"

Kowa ya ga lissafin. Idan ya samu, Kwaɗo ya faɗi, wasa ya ƙare. Idan ya rasa, mahayanta sun riga sun zagayo tudu, a zagaye na gaba mai tutarsa nata ne, da gumin goshinta, babu sadaka. Na kalli hannunsa. Yana ta jujjuya ɗan ludon a tafinsa. Na rantse ban san wanne yake roƙo ba, shidan ko rashinsa. Amma da ƙarfi ya jefa, yadda ake jefawa. Ɗan ludon ya bugi tudu, ya dawo, ya tsaya.

Shida.

Zauren ya kaure da ihu. Stelios ya sungume ni sama. Merv kaɗai bai motsa ba. Glenys ta ɗauki Kwaɗo, ta hure masa ƙura, ta miƙa shi ta saman tebur.

"Riƙe shi da kyau. Ba ya son rana."

Sannan ta miƙo min hannu ba ta ko kalle ni ba. "Ba ni gilashin nan, in ga abin da ya sa tsoho ya so ya cuce ni."

Ta ɗauki mai tutar Merv, shi kuma bai hana ta ba. Ta kai shi bakin taga inda haske yake. Ta daɗe a can, ruwa na fantsowa a hannun rigarta.

"Ka ɓata," in ji ta. "Dama ta karkata, kai ka kai ta hagu."

"Daga titi ke nan. Juya."

Ta juya tutar. A ɗaya fuskar bishiyar ce dai, amma ta karkata dama, kujerar ta ba da baya, ga ƙarfen matakala a gefe. Yadda take ganinta kowace safiya idan ta buɗe ƙofa daga sama.

Stelios ya yi gyaran murya. "Jama'a, ni dai ina ganin dokar nan ai mu muka yi abarmu. Sau ɗaya kawai, idan kowa ya yarda..."

"Rufe mana baki, Stelios," suka ce, su biyun, a tare.

Ta dawo ta ajiye mai tuta a bayan tudu, daidai inda ta ɗauke shi, ta gyara masa tsayuwa ya kalli gaba. Ta ɗauki robarta ta girgiza.

"Da na ci, da yanzu yana nan ciki yana karo da na Stelios, tutar ta karce kafin jirgi ya sauka." Ta dubi Merv sama da ƙasa. "Wasa ya yi kyau, Mervyn."

"Ya yi kyau."

"Giwar ce dai ta yi kama da sabulu."

Washegari ni na kai ta filin jirgi da motar gas, kafin in mayar wa mai gidan gas makullinsa.

Ga abin da aka rasa. Cikin sojoji tamanin da huɗu, goma sha ɗaya fuskokinsu sun tafi, bakwai a hannun Stelios, huɗu a nawa. Ashirin da biyu sun zauna farare, Merv ya ce ba zai wanke su ba, a haka suka yi yaƙi. Jan mayafin giwa. Aikina na gas. Kwaɗo, wanda yanzu yake kan kantar Merv, kafaɗa da kafaɗa da mai tuta, a ƙarƙashin kofi ɗaya. Bishiyar mangwaro, wadda sababbin masu gidan suka sare kafin Kirsimeti don su sami wurin ajiye kwalekwale. Da Anti Glenys.